Tafiya Kazan: ta wace hanya zan biya otal da tikitin jirgin ƙasa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zuwa Kazan, babban birnin Tatarstan da ke bakin kogin Volga a Rasha, cikin watan Yuli in Allah Ya yarda. Ban taɓa taka ƙasar ba. Burina in yi sallah a masallacin Kul Sharif, sannan in bi kogin zuwa Bolgar, inda mutanen yankin suka karɓi Musulunci a shekarar 922.

Maganar biyan kuɗi ce ta tsaya mini a wuya. Tun Maris na 2022 katin Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a Rasha, Booking.com ma ya janye. Na sami otal kusa da titin Bauman, na cike komai, da na zo wurin biya sai katina na dala ya ƙi shiga. Haka tikitin jirgin dare daga Moscow, tafiyar kusan awa 12. Wani ejan ya ce in tura masa naira ya biya mini, amma gaskiya hankalina bai kwanta da shi ba, ko ofis ba shi da shi.

Ɗalibanmu da ke can, don Allah ku taimaka. Akwai otal ɗin da ke riƙe wa mutum ɗaki ya biya in ya iso? In na bari sai na sauka Moscow, zan sami gado a jirgin a tsakiyar lokacin hutu? An kuma ce masu canji ba sa karɓar dalar da ta tsufa ko aka yi wa rubutu, haka ne? Jirgin ruwan Bolgar fa, a tashar ake yankar tikitinsa?