Jan tirela mai ɗaki da Hilux daga Abuja zuwa Jos, Hawan Kibo ne ke ban tsoro

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar mota a taimaka min da shawara. Na sayi wata 'yar tirela ta hannu, irin mai ɗaki a ciki ɗin nan da Turawa ke ja su tafi daji su kwana, akwai gado da ɗan kicin da tankin ruwa, taya biyu ce kacal. Daga Turai aka shigo da ita, a farantin jikinta an buga 1,300 kg. So nake in ja ta daga Abuja in kai gonarmu can bayan Vom mu riƙa kwana ciki lokacin aiki, in hutu ya zo kuma in dawo da ita. Motata Hilux ce 2.7 mai fetur, giyar hannu. Wani mai walda a Apo ya ce zai liƙa min ƙugiya a bamba da kuɗi kaɗan. To abin da ke hana ni barci shi ne Hawan Kibo, anya motar nan za ta haye da ita kuwa? Kuma waldar bambar ba matsala?

Tsohon Direban Tanka:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kai hawa kake tsoro, ni kuwa da na ji ka ce za ka dawo da ita sai gabana ya faɗi, don hawa ba ya kashe direba, iyaka mota ta yi nishi ka ba ta giya biyu ka lallaɓa, idonka na kan allurar zafi, in ta fara ɗagawa ka samu fili ka tsaya ta huce, kar ka buɗe lagireto da zafinsa. Jos ta kai mita 1,200 a sama, iskar can ba ta da kauri, injin fetur mara turbo zai ɗan rage ƙarfi, wannan ba ciwo ba ne kar wani bakanike ya ci kuɗinka a kai.

Gangarowa ita ce magana. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, yawancin motocin da na gani a kwance a ƙasan hawan nan ba wai birki ne babu ba, birkin ne aka ƙona tun daga sama, mutum ya ɗora ƙafa a kai yana ta goga har ya yi ja, man birki ya tafasa, ya zo kwana ya taka ya ji fedar ta nutse kamar ya taka soso. Tun kana bisa, bayan ka wuce Riyom kafin gangarar ta fara, ka sa giyar da ka hau da ita, inji ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru ka taka birki da ɗan ƙarfi ya sauko sannan ka ɗaga ƙafa ya sha iska. Kuma dan girman Allah ban da sakin giya a firi wai ana tsimin mai, na baya su yi ta hon ɗinsu, ba su za su biya ka ba.

Oga Na Dilimi:
Ranka ya daɗe, mai waldar nan ka ba shi kuɗin shayi ku rabu lafiya. Ni ma walda nake ci da ita amma bamba ba wajen ja ba ne, gwangwani ne aka yi wa ado, rami ɗaya mai kyau tsakanin Akwanga da Forest ya isa ya yage ta, ka waiga ka ga ɗakinka ya kama hanyarsa daban. Akwai ƙarfen ja na musamman da ake ɗaurewa a shasi da manyan notuna, ramukan ma suna nan a jikin shasin Hilux, shi za ka nema, kuma a jikinsa ana rubuta nauyin da yake ɗauka. Nauyin da motar kanta za ta iya ja kuma ka duba littafinta, don ya bambanta daga shekara zuwa shekara da kuma inji, amma wanda na sani shi ne tirela mara birki ba a so ta wuce 750 kg, taka ta wuce haka nesa ba kusa ba, dole birkinta ya yi aiki.

Tunda ta Turai ce, birkinta a wuyanta yake, wato ƙarfen gabanta da ake haɗawa da mota, in mota ta rage gudu tirelar ta turo sai wuyan ya shige ciki ya ja wayar birki da kansa, ba ruwansa da lantarki. Sau da yawa in ta daɗe a ajiye abin ya cije da tsatsa, a ɗaga ta a jak a gwada. Za ka ga wata siririyar waya a wajen, ba ta ado ba ce, a jikin ƙarfen motar ake maƙala ta, in tirelar ta kwance ita ke fizgo birki. In an ƙara sarƙa biyu a gicciya su a ƙarƙashin wuyan yadda ko ya faɗo zai zauna a kansu bai caki kwalta ba.

Sai ƙwallon da ke kan ƙarfen ja, wanda ƙugiyar tirelar ke hawa kai. Na Turai 50 mm ne, na Amurka inci 2, ido ba zai raba maka su ba amma ba ɗaya ba ne, ka auna. In bakin ƙugiyar tata irin mai fata a ciki ne da ke matse ƙwallon, kar a shafa giris, a bushe yake aiki. Giris a boris ɗin taya ake buƙatarsa. Tayar ma duba lamba huɗun nan na gefenta, misali 2319 sati na 23 ne na 2019, tayar tirela ba ta cinyewa, tsufa take yi a tsaye ta tsattsage.

Injiniya M.:
Ni dai abin da ya same ni zan faɗa. Tawa ba mai ɗaki ba ce, ta kayan aikin rijiyar burtsatse ce, yara suka loda min janareto da jarkokin gas can ƙarshen baya don sauke su ya yi sauƙi, muna wuce Keffi wata doguwar mota ta shige mu, wlh sai ji na yi bayan motar na kaɗawa hagu da dama kamar jelar kifi, da na taka birki a firgice da wani labarin ake yi. Totur kawai na saki a hankali na riƙe sitiyari a miƙe har ta lafa. Laifin lodi ne, baya ya fi gaba nauyi.

Kaya masu nauyi a ƙasa, kan tayoyi ko ɗan gaba da su kaɗan. Wuyan sai ya danna motar amma ba da yawa ba, Turawan Turai suna lissafin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinta, Amurkawa 10 zuwa 15 don ginin tasu daban ne, to taka ka nemi wajen 70 zuwa 90 kg matuƙar bai haura abin da aka rubuta a ƙarfen ja ba. Sikelin awon mutum na gida ya isa, ka tsayar da katako a kai tsawon daidai ƙwallon ka sauke wuyan bisansa. Kuma 1,300 ɗin nan iyakarta ce har da kaya fa, ba nauyinta a wofi ba. Tankin ruwan ka zubar, lita ɗaya kilo ɗaya ce, ai akwai ruwa a Filato.

Maman Sadik:
Baban Ummi ni ban san shasi ba amma na san yara, za su ce sai a ciki za su zauna a hanya, kar ka yarda ko da kuka, ba bel ba komai a wajen. A rufe tukunyar gas, a kulle durowoyi. Kuma ku yi sammako ku hau da rana tsaka, lokacin damina hazo na rufe wajen nan.

Baban Ummi:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Sadik kamar kina gidanmu, tun jiya ake faɗan wa zai hau gadon sama. Na je na leƙa yanzu, tayoyin 2016 ne duka biyun har da safaya, fitilar hagu ma ba ta kawowa, kuma soket ɗin haɗa fitilunta da mota mai fil 13 ne motata kuwa ba ta da ko ɗaya. Na ɗaga tafiyar zuwa sati na sama, Lahadi zan fita da ita wani fili a Kubwa in koyi ribas don ɗazu da na gwada turawa da hannu ma sai da ta kusa cin katangar maƙwabci. Oga Na Dilimi, ƙarfen jan nan a Apo zan samu na Belgium ko sai na aiko maka ka duba min a Jos?