Suturar Rubutu da Ƙarangiyarta: Wane Suna Za Mu Ba Abin da Ke Biyo Rubutu Idan An Manna Shi?

Salamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin buga takardu da malamanmu na harshe. Akwai wata matsala da duk wanda ya taɓa haɗa rubutu biyu a kwamfuta ya san ta, amma har yau ba mu da sunan da muke kiranta da shi, sai dai mu ce “abin ya rikice” ko “ya ɓata mini takarda”. Ina nufin abin da ke faruwa idan mutum ya kwafo sakin layi daga wata takarda ya manna shi a cikin tasa, sai rubutun ya iso da kamannin gidan da ya fito, ko kuma ya zubar da kamannin da aka san shi da su.

Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo mini kundinsa na kammala digiri in haɗa masa babobinsa wuri ɗaya. Sashensu ya gindaya cewa a yi amfani da nau'in haruffa na Times New Roman mai girman 12, da tazara biyu tsakanin layuka. Babi na ɗaya ya bi ƙa'ida. Babi na biyu a kwamfutar abokinsa aka buga shi, saboda haka ya shigo da Calibri mai girman 11, da tazarar 1.08, da giɓin maki 8 bayan kowane sakin layi, wato yadda manhajar rubutu ta Word ta riƙa buɗe sabuwar takarda daga fitowarta ta 2013, kafin a sauya daga baya. Babi na uku daga manhajar Google Docs ya fito, sanye da haruffan Arial. A tsakiyarsa kuma akwai layuka huɗu da aka ɗebo daga wani shafin intanet, suna ɗauke da wata inuwa ruwan toka a bayansu wadda ba a ganinta sosai a fuskar kwamfuta sai an fitar da takardar daga firinta. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne shafi guda da ya kwanta a gicciye, lambar shafukan da ke bayansa kuma ta koma 1. Na shafe yammacin ranar ina gyara, yaron shagona yana tambayata abin da ya faru, ni kuma ba ni da kalma ɗaya da zan ba shi amsa da ita.

Kafin a raɗa wa matsalar suna, sai an fara raɗa wa abin da take ɓatawa. Mafi yawanmu “fomatin” muke cewa, kuma ni ba na ƙyamar aron kalma, domin da aro muka sami kwamfuta da firinta da fayil. Sai dai wannan kalmar ta riga ta kama wata ma'ana a bakin jama'a. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ce a yi wa wayarsa fomatin, ya san zai fito babu hoto babu lamba, an share komai. Idan na ce wa sabon yaro ya yi wa takardar kwastoma fomatin, ban san wanne zai aikata ba. Ga kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda manhajarsu da Faransanci take magana, aron Ingilishi ba zai yi musu amfanin komai ba.

Da na fara tambaya, “tsari” aka fi ba ni. Kalma ce mai kyau, amma an riga an yi mata lodi fiye da ƙima: tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin babi-babi, tsarin jimla. Idan malami ya rubuta wa ɗalibi “gyara tsarin wannan babi”, ɗalibin zai ɗauka jeren hujjojinsa ake nufi, ba girman haruffa ba. “Ado” da “kwalliya” kuwa suna nuna abin da za a iya rayuwa ba tare da shi ba, alhali tazarar layi da faɗin gefen shafi ba ƙawa ba ne, babu rubutun da zai fito a takarda ba tare da su ba. “Fasali” ya matso kusa, sai dai fasali na jikin abu ne, ba a tuɓe shi a sa wa wani.

Shi ya sa na tsaya a kan “sutura”. Suturar rubutu ita ce nau'in haruffa da girmansu da launinsu, da kauri ko jirgewa, da tazarar layuka, da gefen shafi. Ana sa ta, ana tuɓe ta, ana sauya ta, kalmomin da ke ciki kuma ba su canja ba. Har ila yau kalmar tana ba mu hanyar bambanta abubuwa biyu da masu koyo ke yawan cakuɗawa. Akwai suturar da mutum yake sa wa kalma da hannunsa, ya zaɓe ta ya danna mata kauri. Akwai kuma wadda aka ɗinka aka ajiye da suna, kamar ta babban kanu ko ta gundarin rubutu, duk sakin layin da aka kira da wannan sunan sai ya sa ta. Wannan ta biyun “salo” ya dace da ita, ko da yake wani abokin aikina ya ce shi “anko” zai riƙa cewa, ban kuma ga laifinsa ba.

Yadda matsalar ke aukuwa shi ne zai nuna mana sunanta. Idan mutum ya danna Ctrl da C don ya kwafi rubutu, ba kalmomi kaɗai kwamfuta ke ɗauka ba. Takan ajiye abin da aka kwafa a allon wucin gadi ta siffofi da yawa a lokaci guda: akwai rubutu zalla, akwai siffar RTF wadda kamfanin Microsoft ya fito da ita a 1987, akwai kuma siffar HTML irin ta shafukan intanet. Idan aka zo mannawa, manhajar da ke karɓa takan zaɓi wadda ta fi cikar sutura. Bugu da ƙari, a Word suturar sakin layi tana ɓoye ne a cikin wata alama da ke ƙarshensa, wadda ba a ganinta sai an danna Ctrl da Shift da 8, sannan ta bayyana kamar haka: ¶. Wanda ya haɗa da ita wajen kwafa, ya ɗauko tazara da jeri da lambobin sakin layin gaba ɗaya. Haka nan alamar raba sashe ita ke riƙe da gefen shafi da kwanciyarsa da lissafin lambobinsa, kuma ita ce ta kwantar mini da shafin ɗalibin nan.

Ke nan abu ne ƙarami, mai wuyar gani, wanda ba ka ɗauko da niyya ba, ya maƙale maka saboda ka ratsa ta inda yake, kuma sai ka isa gida ka zauna kake jin sukarsa. Duk wanda ya taɓa ratsa gona ko fili bayan damina ya san wannan, sunansa ƙarangiya. Tana kama bakin wando da gefen zane, ba ta fita da kakkaɓewa, sai an zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya, wajen tsincewar ma ta soki yatsa. Shawarata ita ce mu kira suturar da ta biyo rubutu ba da son mai shi ba “ƙarangiyar rubutu”, a taƙaice “ƙarangiya”. Kalmar tana zuwa da aikatau nata a shirye, ba sai mun ƙirƙiro ba: babin nan ya kwaso ƙarangiya, zauna ka tsince ta, kada ka manna mini ƙarangiya a takarda.

Wani malami ya yi mini gyara cewa kalmar fannin ilimi ba ta kamata ta zama ta zolaya ba, ya kawo “ragowar sutura” a madadinta. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na karɓi rabin maganarsa: a littafin koyarwa ana iya rubuta “ragowar sutura” a matsayin bayani. Amma su kansu masu abin daga aikin hannu suka ɗauko kalmominsu. Lokacin da Larry Tesler da Tim Mott suke gina manhajar rubutu a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, cikin shekarun 1970, yankewa da mannawa da suka sa wa umarnin sun aro su ne daga editocin da ke yanka takarda da almakashi su liƙa da gam. Idan almakashi da gam sun shiga kwamfuta sun zauna, ban ga abin da zai hana ƙarangiya ba. An kuma kawo “kaska” da “ƙarfen ƙafa”. Kaska jini take sha, wannan kuwa ba ya rage komai daga rubutun. Ƙarfen ƙafa kuma nauyi ne da kowa ke gani, alhali ita wannan matsala ɓoyuwarta ce babban sharrinta.

Sai dai ƙarangiya ba ta rufe matsalar duka ba, domin akwai ɗaya fuskar. Wani lokaci rubutun ba ya zuwa da komai, shi ne ma yake canjawa. Dalili kuwa shi ne takardun biyu suna da salo mai suna ɗaya amma ɗinkinsu daban. A irin wannan hali Word yakan fifita na takardar da aka manna rubutun a cikinta, sai ka ga kanun da ka bari baƙi ya koma shuɗi. Wannan ba abin da ya maƙale ba ne, saboda haka “rikiɗa” nake ganin ya dace da shi: kanun ya rikiɗa. Maganinsu ma daban ne, domin rikiɗa a salo ake gyara ta sau ɗaya, ba a bin layi-layi.

Ita kuwa hanyar kauce wa ƙarangiya, wato manna kalmomi kaɗai, “manna zalla” nake kiranta. An ce mini “manna tsirara” ya fi dacewa da sutura, gaskiya ne, amma ba kalmar da zan faɗa a gaban ɗalibai mata ko dattijon kwastoma ba ce. A Google Docs ana yin manna zalla da Ctrl da Shift da V, sababbin fitowar Word ma sun karɓi wannan. Idan kuma ƙarangiyar ta riga ta shiga, a Word sai a zaɓi wurin a danna Ctrl da sandar tazara don tuɓe suturar haruffa, a danna Ctrl da Q don mayar da sakin layi kan salonsa. A sani dai manna zalla yana tafiya da mai kyau da marar kyau: sunayen littattafan da aka jirge za su miƙe, bayanan ƙasan shafi za su ɓace, jadawali kuma zai warware.

Akwai wani wuri da mu masu rubuta Hausa ya kamata mu yi hattara fiye da kowa, kuma a nan ne kalmar sutura take neman kuɓuce mini. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa a kwamfuta, ya yaɗu a wurinmu, da nau'o'in haruffa na musamman irin su Rabi'at ake buga ƙ da ɗ da ɓ. A cikin irin waɗannan nau'o'i, ba a adana harafin mai lanƙwasa a matsayin kansa ba, an ɗora hotonsa ne a kan wani maɓalli. Wasu sun ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v; wasu kuma a kan alamomin }, ] da ~. Ma'ana, lanƙwasar tana cikin suturar ne, ba cikin rubutun ba. Duk wanda ya yi wa irin wannan tsohuwar takarda manna zalla, ko ya sauya mata nau'in haruffa, sai “ƙasa” ta koma “qasa” ko “}asa”, “ɗalibi” ya koma “xalibi”, “ɓangare” ya koma “~angare”. A nan abin da ka ɗauka ƙarangiya ce ka tsince, ashe fatar rubutun ce.

Hanyar da nake bi da irin wannan takarda ita ce in fara musanya kowane harafin aro da na ainihi ta umarnin nemo da musanyawa, manya daban ƙanana daban, kafin in taɓa suturar. Ko a nan ma sai an sa ido, domin musanya v da ɓ a dunƙule shi ne yake haifar da “Daɓid” da “Coɓid” da muke cin karo da su a wasu jaridunmu, kuma jerin manazarta na Ingilishi da ke ƙarshen kundi shi ne yake fara shan wahala. Ga kuma ƙananan ƙarangiyoyi da suka keɓanta da mu: rubutun da aka kwafo yakan zo da alamar harshen da aka buga shi, sai jan layi ya cika ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, sannan alamar da ke farkon 'yan da 'ya'ya takan juya baya ta zama ta buɗe zance.

Tun daga ranar kundin nan na fara gwada kalmomin a shago. Jiya yaron ya leƙo ya ce mini babi na huɗu na wata takarda ya kwaso ƙarangiya, amma da tsohon nau'in haruffa aka buga shi, shin ya musanya haruffan tukuna ko ya manna zalla? Abin da ya rage mini yanzu shi ne sunan ita wannan lanƙwasa da ke zaune a cikin sutura, wadda ba sutura ba ce kuma ba ƙarangiya ba. “Lanƙwasar aro” nake cewa a halin yanzu, ina kuma jiran abin da malamanmu na Kano da Sakkwato da Yamai za su ce a kai.