Me za mu kira "ki" na waƙa da Hausa? Ni na tsaya a kan "matsaya"

Mawaƙa da masu haɗa sauti, akwai kalmar da nake so mu daidaita a kanta. Mawaƙi ya samu kiɗan da aka riga aka naɗa, babu murya a kai, ya zo hawa sai ya ji ya yi masa sama, yana isa amshi maƙogwaro ya shaƙe. Abin da yake ce wa mai na'ura shi ne "a rage mini ki". "Key" na Turanci yake nufi, kuma a situdiyo kowa ya gane. Amma rubuta wa mai koyo "ki" a takarda, zai karanta shi kamar na "ki zo, ki tafi", ko ya zaci makullin mota ake nufi.

Shi kansa kiɗan ban ga abin jayayya a sunansa ba, "kiɗan rakiya" ya wadatar. A kan "ki" aikin yake.

"Mabuɗi" shi ke fara zuwa baki, kuma shi ya fi rauni. Fassarar harafi ce kawai, babu abin da yake buɗewa a waƙa. "Ɗaga murya" da "ƙara sauti" sun fi shi haɗari, domin duk Bahaushen da ka ce wa haka maɓallin ƙara zai murɗa. "Kari" ya yi kusa, sai dai yana da masu shi: masana harshe suna da karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, marubuta waƙa kuma suna da karin da suke auna baiti da shi. In muka ɗora masa aiki na uku za mu ruɗa ɗalibi. "Mazauni" ma'anarsa ta dace ƙwarai, amma jam'insa ya riga ya tafi wani waje, malami ba zai iya faɗarsa a gaban aji hankali kwance ba.

To mene ne abin da muke son raɗa wa suna? Kowace waƙa tana da sauti guda da take kewayawa ta dawo kansa. Rera baiti ka tsaya kafin sautin ƙarshe, za ka ji zancen a rataye. Kana faɗin sautin nan kunne ya huta. Nan waƙar take tsayawa, shi ya sa na ce matsaya. Idan aka sauya ta, dukan sautukan waƙar ne ke hawa ko sauka tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta motsi, don haka waƙar tana nan yadda aka san ta. Kuma kalmar 'yar'uwar "matsayi" ce, wanda dama an saba ɗaga shi a sauke shi. Ku gwada a baki: "matsayar ta yi mini sama", "a sauke matsayar", "a wace matsaya kake rera ta?" Babu inda harshe ya yi tuntuɓe.

Ma'aunin hawa da saukar kuwa, ina ganin mu ce "taki". A tsarin da fiyano ke bi, daga sauti zuwa takwaransa na sama akwai taki 12, kuma a nan girgizar sautin take ninkawa biyu. Wannan tsawon mu kira shi "zango". Sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Taki ɗaya sama ya zama kusan 466, taki biyu kusan 494, zango guda 880. Kowane taki ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari ne. Turawa suna ce wa wannan takin "rabin taki", ni ban ga dalilin bin su ba, tunda +1 da -1 da ke jikin manhaja shi suke ƙirgawa.

Abin da ya sa na damu da kalmar shi ne tana raba abubuwa uku da mai koyo ke cakuɗawa: ƙarfi, gudu, da matsaya. A zamanin faifai da kaset, gudu da matsaya a ɗaure suke. Ka ƙara gudun kaset, sauti ya sirance, waƙa ta gajarce. Waƙar minti 4 da aka ɗaga taki biyu ta wannan hanya za ta ƙare a kusan minti 3 da daƙiƙa 34. Raba su shi ne babban aikin. A 1966 Flanagan da Golden na Bell Labs a Amurka suka fitar da dabarar yanka sauti gutsi-gutsi, a auna girgizar da ke cikin kowane gutsure, a sake harhaɗa shi a wani tsawon. Manhajoji da yawa har yau a kan wannan tushe suke. Audacity, wadda kyauta ce, ta ware umarnin sauya gudu da matsaya tare, da na gudu kaɗai, da na matsaya kaɗai. Wanda ba shi da sunayen nan uku a kansa, na farkon zai danna ya yi ta mamakin yadda kiɗa ya guje masa.

A wajen harhaɗawar nan inganci ke zubewa. Bugun ganga da ya kamata ya fito tas sai ya riƙa jan ƙafa, dogayen sautuka su yi rawa-rawa kamar daga ƙarƙashin ruwa suke fitowa. In akwai 'yan amshi a cikin kiɗan, abin ya fi muni: a ɗaga su sosai manya su koma muryar yara, a sauke su su yi kauri marar daɗi. Dalili kuwa, maƙogwaro da baki suna da amon kansu da ba ya motsi idan mutum ya hau sama da murya, ita kuwa na'ura tana kwashe duka ta ɗaga. Manhajojin kirki suna da zaɓin riƙe wannan amon, a kunna shi.

Taki ɗaya ko biyu yawanci kunne ba ya kama illa, daga uku zuwa sama sai an saurara da kyau. Ga dabarar da mutane ke mantawa: namijin da kiɗan mace ya yi wa sama ba dole ne ya sauke taki 7 ba, ya ɗaga taki 5 ya rera a zangon ƙasa, matsaya ɗaya ce, ɓarnar kuma ta ragu. A fara da fayil na WAV ko FLAC, domin MP3 ya riga ya zubar da wani abu, kuma duk sake ajiye shi a MP3 ƙarin zubarwa ne. In sauyin bai yi ba a koma kan na asali, kada a sauya wanda aka riga aka sauya. In kayan kiɗan a rarrabe suke, a bar ganguna inda suke, a motsa sauran.

Wanda ke da kiɗan a MIDI shi ya huta, domin can lambobi ne aka ajiye, ba sauti ba. Sautin C na tsakiyar fiyano lamba 60 ne, ka ƙara 2 ya zama 62, babu yanka babu liƙi. Sai dai a kiyaye tasha ta 10 ta ganguna, inda lamba ke nuna wace ganga za a buga. Ka ƙara 2 a kan 36, babbar gangar ƙafa ta koma ƙaramar da ake bugawa da sanda.

Saura amon nan na maƙogwaro da ba ya motsi. Na rubuta "kamannin murya" a gefe, amma bai kwanta mini ba, ya yi tsawo ga abin da za a rubuta a jikin maɓalli. Masu zama gaban na'ura kullum, me kuke ce masa idan kuna nuna wa yaranku na aiki?