Muhawara: Shin Ƙara wa Hanyar Accra Zuwa Tema Faɗi Zai Raba Mu da Cunkoso?

Injiniya, daga Nima:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Maganar da na yi ranar Lahadi a wurin ɗaurin aure, wadda Alhaji ya ce sai na kawo hujjarta, ita ce zan maimaita: ko an mayar da babbar hanyar Accra zuwa Tema layi 10 kamar yadda aka tsara, cunkoso ba zai ƙare ba, iyakaci a sami sauƙi na 'yan shekaru. Dalilina shi ne yawan motocin da ke bin hanya yana ƙaruwa ne gwargwadon sauƙinta. Akwai masu mota da wahalar hanya ce kaɗai ta sa suke ajiye ta a gida, akwai masu fita tun kafin kiran assalatu don gudun layi, akwai kuma waɗanda suka ƙi kama haya a Dawhenya ko Prampram, can gaba da Tema, saboda nisan wurin aiki. Ranar da hanya ta buɗe, dukkansu za su hau ta a lokaci guda, masu filaye kuma su ƙara yanka sababbin unguwanni a bakinta. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa hanyar Katy, aka gama a 2008, har wasu wurarenta suka kai layi 26 idan an haɗa da na gefe, amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin da mutane ke ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa. Mu ma muna da namu misalin: hanyar N1 daga mahaɗar Tetteh Quarshie, inda hanyar Tema ta ƙare a Accra, zuwa Mallam a 2012 aka buɗe ta, kuma duk mai bi ta Lapaz da yamma ya san halin da take ciki yau.

Alhaji mai tirela, daga Ashaiman:
Wa alaikumus salam. Ɗana Injiniya, na ji bayaninka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na haura shekara 30 ina ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema ina kaiwa Kumasi da Tamale har Wagadugu, kuma wannan hanyar ita ce ƙofata ta fita da ta shiga. A 1965 aka buɗe ta, zamanin Kwame Nkrumah, tsawonta kilomita 19, layi biyu zuwa, biyu dawowa. A lokacin gefenta duk daji ne. Yau ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin Accra sun haura miliyan 5.4, alhali a 2010 kimanin miliyan 4 ne. Rigar da aka ɗinka wa yaro ba ta shiga magidanci, kuma babu wanda zai ce kada a ɗinka masa sabuwa don wai zai ƙara ƙiba. Ka tambayi duk direban da ke bin hanyar Nsawam yadda Pokuase take kafin a buɗe gadar sama a 2021 da yadda take yanzu. Aiki idan ya yi amfani, a faɗa.

Injiniya:
Baba Alhaji, ban musa amfanin gadar Pokuase ba, kuma ban ce a bar hanyar Tema da fasasshen kankare da ramuka ba. Gyaranta wajibi ne. Inda muka rabu shi ne a kan abin da za a yi da sabon faɗin. Gadar sama tana kwance ƙulli a mahaɗa ɗaya, sai dai motocin da ta saki da gudu suna zuwa su taru a mahaɗa ta gaba, domin titunan cikin gari da za su karɓe su ba su ƙaru ba. Layi 10 da za su zo su juye a Tetteh Quarshie, ina za su shiga daga nan?

Hajiya mai atamfa, daga Kasoa:
Ni ban yi karatun hanya ba, amma a kanta nake cinye kusan sulusin yinina, don haka ina da ta cewa. Garin da nake zaune sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, kuma yawancinmu ba son nisa ne ya kai mu can ba, kuɗin haya na cikin Accra ne ya kore mu. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba nake fita idan ina so in buɗe shago a kasuwar Makola kan lokaci, sallar asuba ma sau da yawa sai na sauka nake yi. Shekara da shekaru muna cewa shingen karɓar kuɗin hanya ne ke tare mu. A watan Nuwamba na 2021 gwamnati ta daina karɓar kuɗin hanya a faɗin ƙasa, muka yi murna, amma layin motocin bai ɓace ba, gaba kawai ya matsa, ya koma wajen Old Barrier da Weija da Mallam. Idan kuma aka yi ruwa, yashi da laka suka gangaro daga tudu suka rufe rabin titi, ranar ciniki ya tafi. Saboda haka ina ganin Injiniya yana da gaskiya cewa kwance wuri ɗaya ba ya warkar da hanya. Amma ina roƙonsa ya faɗa mana abin da za a yi, domin wanda ke cikin trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ƙafarsa ta kumbura ba zai ƙoshi da jin abin da ba zai yi aiki ba.

Malama, daga Madina:
Hajiya, da izininki zan amsa kafin Injiniya, domin lissafin ba mai wuya ba ne, ɗalibaina na aji shida ma za su iya shi. Masana hanya sun ce layi ɗaya na babbar hanya, idan komai yana tafiya daidai, yana wuce da ƙananan motoci kimanin 2,000 a awa. Ku dubi motocin gida da safe, akasari mutum ɗaya ne ko biyu a ciki, wato mutum 3,000 ko kusa da haka. To a ce wannan layin an ware shi ga manyan motocin bas masu ɗaukar mutum 80, bas ɗaya tana wucewa kowane minti: mutum 4,800 ke nan a awa da mota 60 kacal, layin kuma kusan fayau yake, ana iya ninka basa-basan. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce mutum nawa hanya ta kai inda za su, domin mutane ne ke makara a wurin aiki. Mun taɓa gwadawa a 2016 da manyan motocin bas na Aayalolo daga Amasaman zuwa tsakiyar gari, kuma abin da ya rage musu ƙarfi a fili yake: a yawancin hanyar ba su da layi nasu na kansu, suna tsayawa a cunkoso ɗaya da kowa. Bas ɗin da ba ta fi motar gida sauri ba, babu mai ajiye motarsa dominta.

Injiniya:
Malama ta faɗi rabin abin da ke raina. Ragowar rabin, na san ba zai yi daɗin ji ba: a sa kuɗi kan ƙananan motocin da ke shiga tsakiyar gari a lokacin da hanya ta fi cika. Singafo ta fara haka tun 1975, Landan ta bi a 2003 da fam 5 a rana. Hikimar ita ce, hanya idan ta cika ta wuce wani mizani, yawan motocin da take wucewa da su a awa raguwa yake yi, don haka janye kaɗan daga cikinsu yana sakin sauran gaba ɗaya.

Hajiya mai atamfa:
A nan kam ban bi ka ba, ɗana. Mutumin Landan da aka ce ya biya ko ya ajiye mota, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana jiransa, kuma tun 1863 suke da shi. Mu me ke jiranmu? Duk kuɗin da aka ɗora wa mota a ƙasar nan, a kan fasinja da mai sayen kaya yake sauka kafin rana ta faɗi. A fara kawo abin hawan da mutum zai koma gare shi, ya gan shi da idonsa yana tafiya, sannan a zo a yi maganar kuɗi.

Direban trotro, daga Sabon Zongo:
Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, domin duk inda aka yi zancen cunkoso a kanmu ake ƙarewa. Gaskiya ne muna tsayawa a bakin titi mu ɗauki fasinja, kuma tsayuwar mota ɗaya tana iya tare layi guda. Amma ku duba yadda aikin yake: mai mota ya yanka mini kuɗin da zan kai masa kowace rana, sai na cika shi, na sayi mai, na sallami yaron mota, sannan abin da ya saura ya zama nawa. Wanda aka ɗora wa wannan ba zai wuce fasinja yana ɗaga hannu ba, musamman a hanyar da ba a yi mata wurin tsayawa ba. Kuma mu ne muke ɗauke da mafi yawan ma'aikatan garin nan. Idan za a ware layi ga manyan bas, ina so in san matsayinmu, domin bayan kowace trotro akwai gida biyu ko uku da ke ci daga gare ta.

Injiniya:
Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma duk tsarin da ya tsallake ta ba zai daɗe ba. Lokacin da Legas ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, ƙungiyar direbobi tana cikin waɗanda aka ba su gudanar da motocin. Haka ya dace a yi a nan tare da GPRTU, ƙungiyar direbobin haya ta Ghana, da sauran ƙungiyoyi: direba ya koma kan albashi, trotro kuma su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni suna kawowa manyan tashoshi. Hajiya kuma na karɓi gyaranki a kan jerin abubuwan, bas ta riga kuɗi zuwa.

Alhaji mai tirela:
Har yanzu ina nan a kan cewa a faɗaɗa hanyar, domin kwantena ba ta shiga bas, kuma kayan Burkina Faso da Mali da Nijar da ke sauka a Tema dole ta ƙasa za su bi. Akwai kuma abin da babu wanda ya ambata a cikinku. Tirela ɗaya idan ta lalace a hanya mai layi biyu, rabin hanyar ya tafi, kuma na taɓa kwana biyu a gefen titi ina jiran motar da za ta ja tawa, ina kallon layin da na haddasa ina jin kunya. Motocin janwe da ke tsaye a shirye dare da rana, da rufe ƙananan hanyoyin da mutane suka fasa da kansu suna faɗowa kan babbar hanya, za su rage wahala tun kafin a zuba kankare ko buhu ɗaya. Manyan kaya kuma asalinsu na jirgin ƙasa ne, ko da hakan zai rage mini lodi. Game da layin bas, Malama, na yarda a ware biyu daga cikin goman, da sharaɗi ɗaya: a raba su da sauran da kankare mai tsayi tun ranar buɗewa. Idan fenti kawai aka shafa a ƙasa, na san direbobin garin nan, ni ma ina cikinsu, kafin mako ya zagayo mun cika shi.