Haɗa digirin shari'a da na aikin jarida a Ostireliya: yaya tsarin yake?

'Yar Fagge ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka min. Na ga wasu jami'o'in Ostireliya, kamar UTS da UNSW a Sidni, suna ba ɗalibi damar karanta shari'a da sadarwa a lokaci guda, ya fita da digiri biyu. Shekara nawa ake yi? Digirin shari'ar cikakke ne ko an rage masa wani abu? Kuma in mutum ya dawo Najeriya, zai iya tsayawa gaban alƙali da shi?

Baban Walid ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekara biyar ne. A can digirin shari'a shi kaɗai shekara huɗu yake ci, na sadarwa uku, to in an bi su ɗaya bayan ɗaya bakwai ke nan. Shekara biyun da kika rage ba a jikin manyan kwasa-kwasai aka yanke su ba, a jikin na zaɓi ne. Kowane digiri yana da gurbin da ɗalibi ke cikewa da abin da ya ga dama, sai aka ce darussan wannan digirin su cike gurbin wancan. A jami'o'in biyu da kika ambata lissafin kiredit, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, 240 ne, 48 a shekara, kuma shari'a ce ke ɗauke kaso mafi tsoka.

Cikakke ne, domin akwai fannoni goma sha ɗaya da ake kira Priestley 11, waɗanda ba a rantsar da lauya a ƙasar sai ya ci su duka. A ciki akwai dokar manyan laifuka, kwangila, diyyar ɓarna, mallakar ƙasa da kadara, tsarin mulki, dokar kamfanoni, dokar shaida, da ladubban aikin lauya. Babu jami'ar da ta isa ta cire ko ɗaya. Bayan digirin kuma sai horon aiki da ake kira PLT, wajen wata shida ga mai yin sa cikakken lokaci, sannan Kotun Ƙolin jihar ta rantsar da mutum.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne jerin kwasa-kwasan. Na shari'a a sarƙe suke, sai kin ci na ƙasa ake barin ki rajistar na sama, wasu kuma sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Ki faɗi guda a shekarar farko, sai ki ga ya ja miki biyu ko uku baya, biyar ta koma biyar da rabi. Ga ɗalibin waje wannan kuɗi ne, domin sai an tsawaita biza da inshorar lafiya. Tun makon farko ki karɓi jadawalin shekara biyar ɗin daga ofishin tsangaya, kada ki sauya tsarinsa ba da saninsu ba.

Anti Mai Rediyo ta amsa:

Baban Walid ya gama da lissafi, bari in taɓo abin da ba a rubutawa a takardar talla. Rubutu iri biyu za ki koya a mako guda, kuma ba sa ga maciji da juna. Malamin jarida zai ce ki zuba gundarin labari a jimlar farko, wane ne, me ya faru, ina, yaushe, sauran bayani ya biyo gwargwadon muhimmancinsa, yadda edita zai iya datse ƙasan ba a rasa komai ba. Malamin shari'a kuwa so yake ki fito da matsalar, ki kawo doka da hukuncin da aka taɓa yankewa, ki ɗora su a kan abin da ya faru, hukuncinki ya zo a ƙarshe. Wanda ya kai salon jarida ɗakin jarrabawar shari'a zai faɗi amsa daidai amma makin ya zube, don makin yana wajen hujja ne. Wanda ya kai salon lauya ɗakin labarai kuma, za a dawo masa da takardarsa duk jan biro. Hatta yadda ake ambaton madogara daban ne: tsangayar shari'a tana da littafinta, AGLC, mai bayanan ƙasan shafi, sadarwa kuma yawanci salon da ake kira APA take bi.

Sai lokaci. Aikin sadarwa na rukuni ne, ɗaukar hoto, tace murya, neman wanda za a yi hira da shi ya ce miki gobe, goben ta zama jibi. Duk wannan yana taruwa a ƙarshen zango, daidai lokacin da jarrabawar shari'a ke ƙaratowa. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin neman kuɗi har awa 48 a mako biyu yayin karatu, amma mai digiri biyu da ya cike awannin nan zai ji a jikinsa.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya: satar rubutu. Ko a kwas ɗin sadarwa aka kama ɗalibi, dole ya bayyana laifin ranar da zai nemi a rantsar da shi lauya, kuma ɓoyewar ta fi laifin muni a idon kotu.

Amfanin haɗin kuwa a fili yake in kika dubi shari'ar Voller ta 2021. Babbar Kotun Ostireliya, wadda ita ce kotu mafi girma a ƙasar, ta ce kafofin yaɗa labarai su ne mawallafan sharhin da jama'a ke rubutawa a ƙarƙashin labaransu a Facebook, don haka ana iya ƙarar su kan ɓata suna. Tun 2002, a shari'ar Gutnick, kotun ta ce inda aka sauke labari aka karanta, nan aka wallafa shi. Gidan jarida na buƙatar wanda zai duba labari kafin ya fita, ya ce wannan jimlar za ta kai mu kotu, ga yadda za a gyara ta ba tare da an kashe labarin ba.

Barista Na Sabon Gari ya amsa:

Ni tambayar 'Yar Fagge ta ƙarshe ce ta fi damuna, kuma nan nake ganin a yi hattara. Ƙanwata, kwalin Ostireliya ba ya ba ki izinin sa hular lauya a Najeriya. Sai kin bi ta Makarantar Horon Lauyoyi, kuma wanda ya yi karatu a waje ba ya shiga kai tsaye. Zai fara da Bar Part I, inda ake koya masa tsarin shari'ar Najeriya, tsarin mulki, dokar filaye da manyan laifuka, sai ya ci sannan ya haɗu da 'yan gida a Bar Part II. Ki ƙara wannan a kan shekara biyar ɗin.

Kuma dokokin da za ki yi aiki da su a nan daban ne: sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 kan aikin kafofin yaɗa labarai da 'yancin faɗin albarkacin baki, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 mai ba hukuma kwana bakwai ta amsa, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, da ƙa'idojin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. A Arewa ɓata suna laifi ne a Final Kod, sashe na 391 da 392, ana ɗauri a kansa, ba maganar diyya kaɗai ba. Shari'ar Musulunci ma babu ita a manhajar can, alhali a BUK ko ABU ana haɗa ta da dokar Turawa.

In a gida za ki yi aiki, hanya mafi sauƙi ita ce shari'a shekara biyar, horon lauya shekara ɗaya, sannan difloma ta gaba da digiri a aikin jarida. JAMB kwas ɗaya take bayarwa, ba biyu ba.

'Yar Fagge ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Barista, in na tafi ɗin, dole ne in yi PLT kafin in dawo?

Barista Na Sabon Gari ya amsa:

Wancan horon don lasisin Ostireliya ne, ba ya maye gurbin na gida. Abin da ake dubawa a nan shi ne digirin da takardar sakamakon kowane kwas. Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa Majalisar Ilimin Shari'a, mai kula da Makarantar Horon Lauyoyi, a Bwari, ki tura sunan jami'ar da jerin kwasa-kwasan, ki nemi amsa a rubuce cewa sun amince da su.