Riƙon yara bayan mutuwar aure: waɗanda suka je gaban alƙali su ba mu labari

Maman Ihsan, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan da mutuwar aurena, na gama idda a gidanmu. Yarana biyu, Ihsan mai shekara 6 da ƙaninta mai shekara 2 da rabi. Jiya baffan tsohon mijina ya zo ya shaida wa Baba cewa tunda an yaye ƙaramin, bayan Sallah za su kwashe su duka a kai wa kakarsu ta wajen uba. Baba bai ce uffan ba, kun san kawaicin manya. Ni kuwa ban runtsa ba. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa min yadda ta kasance da shi. Ban taɓa taka ƙofar kotu ba.

Inna Balki, Talata Mafara:
Wa alaikumus salam ɗiyata, share hawayenki. Haka anka yi mani. Ran da anka yaye yarona anka ɗauke shi ina ji ina gani, don kowa cewa shikai ɗa na uba ne. Shekara guda cur ina zuwa ganin shi bakin zaure kamar baƙuwa, in na miƙa hannu sai shi ɓuya bayan kishiyata. Wannan ɓuyar ita ta kai ni kotu. Malamin da ke karantar da mu Risala shi ya ce mani riƙon ɗa, wanda littafi ke kira hadana, haƙƙin uwa ne a mazhabar Malikiyya, kuma da ita alƙalanmu ke hukunci. Na shigar da ƙara, masinja ya kai mai sammaci. Alƙali ya tambaye ni ko na yi wani aure, da inda nike zaune, ya kuma tambayi uban ko yana da shaidun da za su ce ban iya riƙo ko ina da wani mugun hali. Bai da su. Zama na ukku anka miƙo mani ɗana. Abin da alƙali ya faɗi har yau yana kunnena: namiji yana hannun uwa har shi balaga, mace har ta yi aure ta tare.

Baban Sadik, Ƙauran Namoda:
Ni kuma ni aka kai ƙara, bari ku ji daga ɓangarenmu. Na shiga kotu da zafin kai, na fito jikina a sanyaye. Alƙali ya nuna min ba a ƙwace min 'ya'ya ba, ni ne waliyyinsu, kuma ci da sha da sutura da magani da makaranta duk a wuyana suke. Aka sa min ranar Juma'a ta zuwa ganinsu. Da uwarsu ta yi wani aure na ɗauka shi ke nan sun dawo hannuna, ashe riƙon kakarsu ta wajen uwa yake komawa kafin ya iso dangina. Wallahi ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma yaran suna lafiya, kuma suna rugowa su tare ni.

Anti Hauwa, Tsafe:
Ƙanwata, samun yaran shi ne mai sauƙi, kuɗin ciyarwa ne aikin. Ni a gaban mai unguwa muka yi sulhu da fatar baki, ba takarda. Wata uku ya kawo, daga nan ɗif. Da na yi magana ya ce ai bai yanke adadi ba. Dole na je kotu, aka duba samunsa aka yanke abin da zai riƙa bayarwa duk wata, yana kaiwa wurin rajistara ina karɓa da sa hannu. Da hatsi ya yi tsada, kuɗin ya kasa sayen tiyoyin da yake saya da, na koma na nemi ƙari aka sake dubawa. Ki adana takardar saki da rasit na makaranta da na asibiti, ko da na allura ɗaya ne.

Malam Na'ibi, Bunguɗu:
A fara da sulhu, ta wurin liman ko Hisba, sai dai a rubuta a sa hannu da shaidu. In an je kotu ba dole sai da lauya ba, kuma mace na iya sa ɗan'uwanta ya wakilce ta. Wanda hukunci bai gamsar ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, har zuwa kotun Alƙalin Alƙalai a Gusau, amma kada a yi jinkiri don akwai wa'adi.

Maman Ihsan, Gusau:
Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Yaya Babba duka, ya je ya samu Baba. Sun tsayar ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna da baffan nasu a gaban liman, a rubuce. In sun ƙi, Litinin Yaya zai raka ni kotu. Anti Hauwa, ni sakin ta waya ya turo min a rubuce, ba takarda.

Anti Hauwa, Tsafe:
Kada ki goge shi. Ki tura wa Yayanku ya ajiye a tasa wayar, ki kuma je shago a buga miki a takarda kafin Juma'ar.