Kurkukun Eastern State: jinƙai aka yi wa fursunoni ko azaba?

Malam Sabo: Ni dai ina nan kan bakana. Waɗanda suka buɗe kurkukun Eastern State a Filadelfiya ta Amurka a 1829 masu jinƙai ne. Kafin shi, ɓarawon kaza da mai kisan kai, yaro da babba, duk a ɗaki guda ake cusa su. Sai wata ƙungiya da likita Benjamin Rush ke ciki ta ce a ba kowa ɗakinsa, ya zauna ya yi nadama. Kowane ɗaki da famfo da bayan gida, alhali fadar shugaban Amurka ma ba ta da ruwan famfo a lokacin.

Hajiya Binta: Malam, famfo zai yi hira da mutum? Awa 23 kullum fursuna yana kulle shi kaɗai, haske daga 'yar taga ɗaya a rufi, littafi kuma Baibul kawai. In za a fito da shi sai a rufe masa kai da ƙyalle kada ya ga fuskar kowa. Masu gadi har safa suke sa wa takalmansu don kada a ji takunsu. Marubucin nan na Ingila Charles Dickens ya ziyarci wurin a 1842, ya ce wannan wasa da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ya fi dukan jiki muni.

Sani Kofar Mata: Amma Hajiya, wanda ya san cunkoson gidajen yarinmu zai so ya samu ɗaki nasa shi kaɗai.

Hajiya Binta: Na kwana nawa, ɗana? Shekaru ake magana. Hukumomin kurkukun da kansu ma sun soke tsarin a hukumance a 1913.

Malam Sabo: Cunkoso ne ya sa, ba wai tsarin ya gaza ba. Ai kurkuku kusan 300 a duniya sun kwaikwayi zanen John Haviland, wanda ya tsara ginin: rassan ɗakuna sun fita daga tsakiya, mai gadi ɗaya yana hango kowane lungu.

Malama Hadiza: Zanen suka kwaikwaya, Malam, domin yana sauƙaƙa tsaro. Wannan ba shaidar jinƙai ba ne. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne yau. An rufe kurkukun a 1971, ya zama gidan tarihi, amma masu ziyara da yawa ɗakin Al Capone suke nema, ɗan daban da ya yi kusan wata 8 a can. Duk shekara kuma ana wasan tsoratarwa na dodanni a inda mutane suka haukace.

Sani Kofar Mata: Kuɗin wasan ne ke gyara ginin, Malama.

Malama Hadiza: Na sani, kuma na yaba da baje kolinsu kan yawan fursunonin Amurka. Amma ban yarda a yi nishaɗi da wahalar waɗannan bayin Allah ba.

Hajiya Binta: Malam Sabo, Majalisar Ɗinkin Duniya a dokokinta na kula da fursunoni na 2015, da ake kira dokokin Mandela, ta hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Fursuna na farko a Eastern State, Charles Williams, shekara 2 aka yanke masa. Ina jiran amsarka kan wannan.